Na Bi Sawun Shanunsu Har Yeji

A kasuwar Malanbil, bayan na ƙetare iyakar Najeriya, aka fara tambayata ko ni ɗan ina ne. Ina zaune kan buhun albasa ina shan koko, na ce Zamfara. Mutumin da ke gefena ya dube ni, ya dubi jakata, ya ɗan matsa. Daga ranar, in an tambaye ni, sai in ce Sakkwato.

A gida, a Karakkai, abin da aka sani shi ne ni Sahabi na tafi Gana neman aiki. Haka na faɗa wa Baba da Inna. Gaskiyar ita ce mace nake nema, kuma da Baba ya san ko wace ce, da bai sa mini albarka ba.

Sunanta Hajo. Sana'ata sayar da maganin dabbobi ce. Ina da 'yar rumfa a Gusau, ranar kasuwa kuma in ɗaure kwali a bayan babur in nufi Tsafe. Fulani suna kirana Likita, ko da yake iyakar karatuna sakandare ce da abin da na koya a hannun maigidana. Mahaifinta, Baffa Umaru, yana cikin masu kirana ruga in yi wa shanu allura, can na fara ganinta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta haihu ba, ta dawo gaban iyayenta. Ita ke riƙe mini maraƙi in zan soka allura, kuma ita kaɗai ke gaya mini in hannuna ya yi nauyi. "Likita, a hankali, ba icce kake soka ba." Shekara biyu muna haka. Har na yi wa Baffa Umaru magana, ya ce in turo manyana.

Ban kai ga turo su ba 'yan bindiga suka shiga gonakin garinmu da hantsi, suka kashe mutane a bakin aiki, har da yayana Lawali. Bayan sadakar arba'in ƙanena Nura ya shiga 'yan sa-kai. Ba a jima ba aka tare wasu dattawan Fulani a hanyarsu ta komawa daga kasuwar Tsafe. Baffa Umaru na cikin waɗanda aka kashe. Bai taɓa riƙe bindiga ba, gishiri da kanwa ya sayo wa shanunsa. Nura da bakinsa ya gaya mini yana wurin. Yana wanke ƙafa a bakin rijiya yana ba ni labarin, har da yadda tsoho mai jar hula ya riƙa salati. Bai san na san tsohon ba.

Da na je rugar sai na tarar da toka da turaku. Wata mai tallar nono ta ce mini sun kora shanu sun yi yamma, sun ce za su ƙetare kogin Kwara. Sau ɗaya na gwada Baba da maganar, a fakaice, kamar ina ba da labarin wani abokina. Ya ce, "Waɗanga mutane ko salla ba su yi. Wanda duk yak kawo min ɗiyarsu gidan ga, ba ni na haihe shi ba." Ni kuwa sau nawa na bi Baffa Umaru sallar la'asar a kan buzu ƙarƙashin kirya.

Mako uku na yi a Malanbil ina dakon albasa ina tambaya. A nan wani mutum mai tsabtar riga, wai shi Alhaji Mudi, dillalin shanu, ya same ni. Ya ce ya ji ina neman wasu Fulanin Najeriya. Na ce e, Buba ɗan Umaru, wan Hajo ke nan, da tsohuwarsu da ƙanwarsa.

Ya ce, "Dogo haka, fari?"

Na ce shi ne.

"Ai shekaranjiya muka rabu. Suna bayan Kandi."

Sai daga baya na gane duk abin da ya faɗa mini ni na fara sa masa a baki. Rabin Fulanin duniya dogaye ne farare. Na biya mana mota zuwa Kandi. A tasha ya ce wayarsa ta mutu, in ba shi tawa ya kira arɗon wurin. Ya kara ta a kunne, ya zaga bayan rumfar mai shayi yana "Alo, alo." Na tsaya a wurin har azahar, mai shayin ya tausaya mini ya ce, "Malam, zauna. Kai ne na uku wannan watan."

Ba wayar ce ta dame ni ba. A cikinta akwai hotunan Yaya Lawali, akwai kuma wani saƙon murya guda da Hajo ta taɓa aiko mini ta wayar Buba, tana cewa wata saniya ta ƙi kiwo, in na samu hali in zo. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na saurare shi ya fi a ƙirga, kuma tun ranar ban sake jin sa ba.

Daga Kandi na gangara Faraku a bayan motar gawayi. Can akwai babbar kara ta shanu, sai na koma sana'ata. Na sayi magani kaɗan, na wanke sirinjina, ina bin masu shanu. Ba na jin Faransanci, amma a kara Hausa da Fulatanci sun ishe ka. Abinci ne ya fi ba ni wahala. Doya da safe, doya da rana. Wani lokaci ina cikin tafiya sai ƙanshin hocen Inna ya zo mini a hanci, in tsaya ina waige-waige, alhali ba kowa sai masu gyaran babur. Duk Juma'a nakan ari wayar wani mahauci ɗan Jega in kira gida. Inna ta ce, "Ka samu aikin?" In ce ana nan ana nema. Ta ce, "Allah shi dafa maka." In mayar da waya in je in wanke fuska.

Tambayata ta yi yawa a karar, kuma harshena ya tona ni. Wata rana wani ya ce mini saniyarsa ce wannan, na ce, "Awo." Wasu samarin Fulani da ke gefe suka juyo. Su ma gudun Zamfara suka yi, sun san wannan "awo" ɗin. Kafin in ankara sun zagaye ni da sanduna.

"Kai ka ce Sakkwato kake. Ƙarya kake, Kaɗo. Wa ya aiko ka? Ba ku ƙoshi ba, har nan za ku biyo mu?"

Ɗaya ya fizge jakata ya zazzage ta a ƙasa. Wani ya ɗora mini sanda a kafaɗa, har yau in ana sanyi wurin na yi mini tsami. Wani tsoho da ke zaune kan turke ya ɗaga hannu, suka dakata. Ya dubi kwalaben da suka watse, ya ce akwai wata karsana can da cikinta ya kumbura tun safe, in da gaske likita ne in je in nuna. Na je wurinta. Na yi abin da na iya, Allah ya taimake ni iska ta fita, karsana ta miƙe. Tsohon ya sallami samarin, ya kira ni gefe.

Ya ce ya san su Buba. Sun yi damina guda a yankin, manoma suka matsa musu, suka wuce Togo da niyyar Gana. Sannan ya ce, "Ba na tambayarka abin da ke tsakaninku. Amma in ka same su, me za ka ce musu?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To, hanya da nisa. Ka yi ta tunani."

A garin Kara na ƙasar Togo ciwo ya kayar da ni. Na sauka daga mota da rana tsaka, na je wurin wata mai ƙosai a bakin tasha, na miƙa hannu zan karɓa, sai na farka a kwance kan tabarma cikin wani ɗakin ajiye buhunan wake. Mai ƙosan ce ta sa aka ɗauke ni. Ana kiranta Mama Afi, Kirista ce, da gicciye a wuyanta, ta kai sa'ar Inna. Hausarta gutsi-gutsi ce, ta kasuwa. Kwana tara na yi a ɗakin nan. Ta kawo mai magani, ta dama mini kunu, in na ƙi sha ta yi ta faɗa da yarenta har in sha. Rana ta uku na ga sabuwar buta a bakin ƙofa. Ta nuna mini kusurwar ɗakin ta ce, "Gabas can. Ka yi sallarka."

Da na fara zama, nakan fito in taya ta gyaran wake. Ita ce mutum ta farko da na gaya wa labarin gaba ɗaya, watakila don na san ba ta san kowa nawa ba. Ta saurara tana juya ƙosai. Sai ta ce ita ma mijinta Musulmi ne, direba. Ranar aurensu ba wanda ya zo daga gidansu. Dangin mijin kuma ba su taɓa cin abincin hannunta ba har ya mutu. Ranar da aka binne shi, nesa ta tsaya.

Na ce, "Mama, kin ji daɗin auren?"

Ta ce, "Wani lokaci."

"Da wuya fa?"

"Kullum."

"Kin yi nadama?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ta ce, "Ina na ga lokaci? Miƙo mini matsami, zai ƙone."

Ranar da zan tafi ta cika mini leda da ƙosai, ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'arta, na ce amin. Ban sake komawa Kara ba. Ban san ko tana raye ba.

Gana ta cinye mini damina guda. Na shiga ta Yendi, na yi noman doya a gonar wani Bakonkomba don in samu abin ci, na gangara Salga, na bi rugage a ƙafa har takalmina ya rabu biyu na ɗaure shi da roba. Ko'ina sai a ce sun wuce, ko a ce ba a san su ba, ko a yi mini kallon da na riga na saba da shi. Akwai ranakun da na manta ma fuskar Hajo, in yi ta ƙoƙarin tuno ta ta ƙi zuwa. Ina tafiya ne kawai don ban san yadda zan koma ba. A ƙarshe na hau jirgin ruwa na ƙetare tafki zuwa Yeji, ba don wani ya ce suna can ba, sai don hanyar nan ta ƙare.

Ranar kasuwar Yeji, ina wucewa ta layin mata masu sayar da cuku, na ji wata na ce wa mai saye, "Wanga ba ya raguwa, in ba ki saye ki aje." Na tsaya. Tana zaune a ƙasa da ƙwarya a gabanta, ta rame, ta yi duhu. Ta ɗago ta gan ni. Ba ta tashi ba, ba ta yi murmushi ba. Ta gama sallamar mai sayen tukuna.

Ta ce, "Likita. Ka lalace."

Na ce, "Ke ma."

"Mi ya kawo ka?"

Ta gyara murfin ƙwaryarta, ta kwatanta mini inda rugarsu take, ta ce in zo gobe da hantsi, in shigo ta gaba, in yi sallama da ƙarfi.

Shanunsu ba su kai rabin yadda na san su ba. Ƙudan tsando da doguwar tafiya sun cinye sauran. Buba na tsaye da sanda a kafaɗa, tsohuwarsu, da suke kira Dada, na zaune a bakin bukka, Hajo na bayanta. Na durƙusa na yi musu ta'aziyya. Tun daga Faraku nake shirya maganar da zan faɗa, amma da na buɗe baki sai ta fito a guntule. Na ce ƙanena Nura, uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin waɗanda suka tare Baffa. Na ce na daɗe da sani. Na ce ban zo neman aure da wannan a ɓoye ba.

Buba ya sauke sandar daga kafaɗarsa. Na rufe ido.

Sai Hajo ta ce, "Mun sani. Wanda ya tsira ya faɗi sunaye tun ranar. Shi ya sa ban aiko maka ba da za mu tashi."

Dada ta yi magana da Fulatanci, a hankali, ba ta dube ni ba. Hajo ta ce, "Tana tambaya, kana wurin?" Na ce a'a, ina Gusau. "Ka san za a yi?" Na ce wallahi ban sani ba. Tsohuwar ta tura mini ƙwaryar nono da ƙafarta. Na sha, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Buba ya ce, "Kaɗo, sha ka tashi. Jinin ubana na hannun gidanku. In ƙanwata ta bi ka, in ga ɗiyanta in ce musu mi? Ku ɗiyan ɗan'uwan wanda ya yanka kakanku ne?"

Na ce, "Ni ma an kashe mini wa."

Ya ce, "Mu muka kashe shi?"

Na ce a'a.

"To."

Ban bar Yeji ba. Na kama ɗaki a zango, unguwar Hausawa, na kafa teburin magani a kasuwa. Ranar kasuwa Hajo takan zo da cukunta, mu gaisa kamar baƙi, wani lokaci ta tsaya ta tambayi maganin tsutsa. Wata bakwai muna haka. Wata rana ta tsaya ta ce, "Na gaji, Likita. Na gaji da gudu, na gaji da kuka, na gaji da ƙin mutane. In har yanzu kana so, ka je ka ga liman."

Limamin zango ya aika aka kira Buba har sau uku kafin ya zo. Ya gaya masa ita bazawara ce, ta faɗi wanda take so, kuma ba a kama wani da laifin wani. Buba ya zo ranar ɗaurin auren, ya tsaya a bakin ƙofar masallaci, ya ce ya bayar, ya juya. Bai karɓi goro ba. Bayan kwana huɗu Hajo ta je ruga gaida Dada, ta tarar sun tashi. Sun yi kudu da shanun, da tsohuwar. Ta dawo ta zauna a bakin gado da mayafinta a jiki har magariba. Na je na ɗebo ruwa.

Ni ma na kira gida na faɗi gaskiya. Baba ya saurara har na gama. Ya ce, "Lawali ya mutu, na yi haƙuri. Kai ma zan yi haƙuri." Ya kashe wayar. Na sake kira sau da yawa, ba a ɗauka. Bayan shekara biyu wani ɗan Furfuri, kusa da garinmu, da ke kawo wake Yeji ya yi mini ta'aziyya a tsakiyar kasuwa, yana zaton na sani. A lokacin Baba ya yi wata guda a ƙasa.

Zaman namu ba laifi. Muna faɗa kamar kowa, sai dai akwai maganganun da ba ma bari faɗan ya kai gare su. A zango ana kiranta matar Bahaushe, a ruga ana kirana mijin waccan. Mun samu 'ya mace, Rabi. Nura yana nan da ransa, ban neme shi ba, bai neme ni ba.

Bayan Inna ta fita takaba, wata rana da la'asar wata baƙuwar lamba ta kira ni. Wayar maƙwabciyarmu ce, ɗan Furfurin nan ya kai musu lambata. Na ji muryar Inna ta tsufa. Ta tambayi jikina, ta tambayi ko ina cin abinci, ta tambayi yarinyar, na ce ta fara tafiya.

Ta ce, "Uwar tata tana kusa?"

Hajo na bakin murhu tana dafa madara. Na miƙa mata wayar na ce Inna ce. Ta goge hannu a zane, ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa a ƙasa har gwiwa, a tsakar gidan haya, ba mai ganinta sai ni.

"Ina wuni, Inna."

Na matsa kusa ina ji. Inna ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Ya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi."

Sannan Inna ta ce, "Ban samu na yi miki gaisuwa ba. Ya haƙurin Baffanki?"

Hajo ta ce, "Mun gode Allah, Inna. Ya haƙurin Baba? Ya haƙurin Yaya Lawali?"

"Sai godiya. Allah shi jiƙansu duka."

"Amin."

Katin maƙwabciyar ya ƙare a nan. Hajo ta daɗe a durƙushe da wayar a kunne. Madarar ta tafaso ta zube a wuta, ni na tashi na sauke tukunyar.

Shekarata shida ke nan ban taka Karakkai ba. Inna takan kira in ta samu waya, kuma yanzu ba ni take fara nema ba.